Taurarin Ɗiyata a Hannun 'Yan Sa-kai

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabcina mai mota, amma ba mu bar Kaura Namoda ba sai da rana ta ɗaga. Haka tafiya ta koma a wajenmu yanzu. Kana idar da salla ka nufi tasha, ka sami benci ka zauna, a jira motar farko ta shigo daga inda za ka, a tambayi direbanta yadda ya baro hanya. In ya ce lafiya, motoci su jeru su bi juna kamar awaki za su kiwo. In bai iso ba, kowa ya kama hanyar gida. Mun sha koko da ƙosai muna jira. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da maƙwabcina ya tambayi mai tuyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce ya je ya tambayi masu sayar da wake.

Ku da kuka saba karanta abin da nake rubutawa kun san ba ni da saurin fushi. Wannan karon ku yi mini uzuri. Na yi alwala, na zauna, na sake tashi na yi wata, fushin bai tafi ba. Sai na ga gara in rubuta shi yadda yake.

Zurmi za mu, ɗauko ɗiyata. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Inna nake ce mata. Tana karatun digiri na uku a jami'a, a kan taurari. Ba duba ba, ba faɗin sa'ar kowa ba. Wannan na bincika tun da daɗewa na kwanta. Kallon halittar Allah ne da awo da lissafi. A farkon damina yayata, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ta sami shanyewar ɓarin jiki a Zurmi. Inna ta ɗauki kwamfutarta ta tafi jinya. Da rana ta juya gwaggonta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki; in tsohuwa ta yi barci ta buɗe kwamfuta. Haka ta cinye damina. Babin ƙarshe na littafin karatunta a can ta rubuta shi, kuma ƙarshen watan nan aka yanka mata ta miƙa. In ta wuce, sai baɗi. Sabis ɗin waya a Zurmi kuwa yana zuwa yana ɗaukewa: ya isa ka ce kana lafiya, bai isa ka tura aiki mai nauyi ba. Duk wahalar daminar nan tana cikin kwamfuta ɗaya da ɗan filashi ɗaya, a jaka ɗaya. Matar ɗan yayata ta dawo ta karɓi jinya, saura in je in kawo Inna Kaura ta tura aikinta.

Hanyar ban ga abin da zan yaba mata ba. Inda kwalta ta rage, ramuka sun cinye ta. Inda ta ƙare, ruwa ya yi nasa aikin. Amma ba ramukan ne suka tsaya mini a rai ba. Gonaki ne. Lokacin kaka muke, lokacin da a da in ka bi hanyar nan ba ka ganin komai sai dammunan gero a jingine da amalanken shanu. Yanzu na kusa da gari an noma, na nesa ciyawa ta shanye. Akwai gonar da na sani tun ina yaro, mai tsamiya a tsakiya, da muke tsayawa shan ruwa wajen mai ita. Sabara ce a ciki yanzu. Maƙwabcina ba ya magana in yana wuce irin wuraren nan. Yakan danna mota, ya riƙa motsa baki, ni ma in kama nawa tasbihin.

A Dauran muka ɗan tsaya aka zuba wa mota ruwa. Mata sun kewaye mu da dafaffiyar gyaɗa da hoce, gasasshiyar wainar dawa. Na sayi hocen saboda yayata tana son sa, ko da yake ban san ko za ta iya tauna shi ba. Mutanen Dauran suna nan da fara'arsu, sai dai gaisuwa ta sake. A da ana tambayar ka iyali da gajiya. Yanzu tambayar farko ita ce, me kuka gani a hanya?

Mun shiga Zurmi kafin azahar. Yayata ta gane ni, ta kama hannuna da hannun da ke motsi, bakinta ya kasa kama sunana. Aka jiƙa mata hocen da nono ta ci kaɗan. Inna ta rame, idanunta sun faɗa, amma fuskarta a sake. Bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka ta jawo tabarma ƙarƙashin rumfa ta ce, "Baba, zo ka ga abin da ya hana ni barci."

Zan faɗa muku yadda na fahimta, in na yi kuskure laifina ne ba nata ba. Akwai taurarin da ke zaune biyu-biyu, suna kewaya juna. Ɗaya tsoho ne, ja, ya kumbura ya yi girman da hankali ba ya kamawa, har jikinsa ya saki yana zubar da iskar gas. Ɗayan ƙarami ne fari, wanda ya riga ya ƙone ya dunƙule, amma nauyinsa ya wuce misali. Ƙaramin yana jan abin da babban ke zubarwa. Abin ba ya faɗa masa kai tsaye, sai ya riƙa juyawa kewaye da shi kamar kunu in ana damawa. Wani lokaci kuma, maimakon ya haɗiye duka, sai ya feso wani kaso waje, siriri, ta fuska biyu masu juya wa juna baya, da gudun da ba abin da muka sani a duniya da ke yin sa. In feshin nan ya daki iskar da ke gabansa sai ta yi zafi ƙwarai, ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, eksire. Hasken nan ba ya ratso iskar duniyarmu, don haka madubin hangen nesa da ke kama shi a sama yake shawagi, ya turo abin da ya gani ƙasa. Masu bincike su sauke, su tace, su sa masa launi don a iya kallo.

Aikin Inna shi ne ta ɗauki hoton da aka yi shekarun baya da wanda aka yi daga baya, ta auna yadda dunƙule-dunƙulen da ke cikin feshin suka matsa, da yadda zafinsu ya ragu ko ya ƙaru. Ta nuna mini: baƙin fili, jan dunƙule a tsakiya, hannu biyu sun miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa ya ɗan lanƙwashe. Layuka sun ratsa hoton tsaye da kwance, lambobi a gefe, ga kibiya mai nuna arewa. Ta zagaye wasu wurare da kore, ta rubuta musu alama.

Na daɗe ina kallo. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda ya yi wannan ya ajiye inda ba mai gani, Ya kuma bar ɗiyar talaka daga Kaura ta leƙa. Na ce mata, "To wannan ƙaramin ai maƙwabcin banza ne, Inna. Ya ci na mutum, ya watsar da saura." Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Washegari muka yi sallama da yayata. Ba zan faɗi yadda suka rabu da Inna ba.

Kafin mu kai Dauran akwai wani ƙauye a gefen hanya da ba zan ambaci sunansa ba. Da za mu, shingensu a buɗe yake. Da muke dawowa mun tarar an gitta itace, samari sun tsaya da bindigogin gida, layu har wuya. 'Yan sa-kai ne. Kowa ya san abin da suke nema a mota: burodi mai yawa, fetur a jarka, magunguna, layukan waya, duk abin da ake kai wa ɓarayin daji. Ban taɓa jin haushin bincikensu ba. Mutanen da aka bari su tsare kansu, me za ka ce musu?

Suka sauke mu. Wani dogo mai tabo a goshi, wanda na ga shi ne ke ba da umarni, ya zuge jakar Inna.

"Malama, kunna muna wagga na'ura mu gani."

Ta kunna. Aikin da ta nuna mini jiya shi ne ya fito, don a kansa ta rufe.

Dogon ya ƙura wa hoton ido. Ya kira na kusa da shi, wannan ya kira wani. Kafin ka ce me, kawuna sun rufe kwamfutar. Sai na ji ɗaya ya ce, "Wallahi garinmu ne." Ya sa yatsa a kan jan dunƙulen. "Ga gari. Ga hanyar Dauran. Ga wadda ta lanƙwasa ta shiga daji."

"Tauraro ne," in ji Inna. "Karatuna ne, tauraro ne a sama."

Dogon ya kalle ta. "Mu ma muna da sama garinmu, Malama. Kullum bisa kanmu take. Yaushe tauraro ya yi hanya biyu? Wanga kore da kinka zagaye, gidan wa ne?"

Ta fara yi masa bayanin da ta yi mini. Kalmomin suka yi mata nisa. Ta ce madubi a sama, wani ya ce, "Kun ji, jirgin leƙen asiri." Ta ce lambobin awo ne, wani ya ce awon tafiya. Duk abin da ta faɗa sai ya faɗa cikin ramin da suka riga suka haƙa.

Na shiga tsakani. Na faɗi sunana, na faɗi unguwarmu a Kaura, na faɗi masallacin da nake karantarwa. Na ce a kawo Alƙur'ani in yi alwala in dafa.

"Baba," in ji dogon, "wanda ya sai da mu bara, liman ne ke gabansa kawai a sahu. Ranar da anka shigo muna, ba su tambayi kowa hanya ba. Gidan da ad da shanu sunka nufa, ɗaya bayan ɗaya. Ubana na cikin waɗanda munka rufe. Wani ya zana musu. Kai ka san wa?"

Ban sani ba. Kuma ban taɓa jin fushi kamar na lokacin ba. Gemuna fari, a gaban ɗiyata, yaron da na girmi ubansa yana gaya mini rantsuwata ba ta da daraja. Ina jin wata kalma tana yawo a bayanmu ƙasa-ƙasa: infoma. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke biyo bayan kalmar nan. Ba alƙali, ba shaida, wani lokaci ba gawa.

Wasu suka ce a riƙe ta. Allah Ya sa akwai wani mai ɗan shekaru a cikinsu da ya ce mace ce, kuma da ubanta, a bar su. Na'urar dai da filashin za a ɗora wa mai babur ya kai wa babbansu, wanda ya tafi Shinkafi saboda gobe kasuwa. Shi zai yanke. Kafin su ɗage itacen sai da ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoton Inna, ya ɗauki lambar motar maƙwabcina. Ina kallo aka ɗaure jakar a bayan babur da roba kamar buhun barkono.

A Dauran muka kwana, gidan wani abokin karatuna. Inna ba ta ci abinci ba. Maƙwabcina ya ce shi da ya kawo mu ba zai koma Kaura ba sai da mu. Allah Ya saka masa. Da safe muka sake zaman jiran motar farko, sannan muka ɗauki hanyar Shinkafi ta Moriki.

Wannan hanyar ta fi ta jiya shiru. Shinge bayan shinge, wasu na masu kaki, wasu na masu layu, kowa da tambayarsa, kowa da hannunsa. Na ga makarantar da ba rufi, na ga turken sabis da ya ƙone ya yi baƙi. Wannan turken na daɗe ina waiwayensa. Da yana aiki, shi da 'yan uwansa, da Inna ta tura aikinta tun daga ɗakin gwaggonta, da ba mu ɗauko shi a jaka kamar masu fasa-ƙwauri ba. Waɗanda suka ƙone shi suna daji. Waɗanda ya kamata su gyara suna inda sabis ba ya ɗaukewa.

Shinkafi ranar Alhamis, duk da halin da ake ciki, tana nan Shinkafi. Shanu, raƙuma, tumaki, albasa tuli-tuli, mutanen Nijar da rawunansu suna kiran babbar mota kamyo. Komai ya yi tsada, dillalai sun fi masu saye yawa. A wata ranar da na tsaya na ci gasasshen nama na sha fura. Ranar nan ƙamshin ma haushi ya ba ni.

A kara, kasuwar dabbobi, muka sami babban nasu, ƙarƙashin wata rumfa, yana cinikin bijimi. Dattijo ne kakkaura, tsohon maharbi, idonsa ɗaya ya yi fari. Da na faɗi sunana sai ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu. Ashe a zaure ɗaya muka yi karatu muna yara, yana ƙasa da ni. Ya tuna har wanda ke dafa mana tawada. Ya sa aka shimfiɗa buzu, aka kawo ruwa. Zuciyata ta fara sauka. Na ce a raina, Alhamdu lillahi, an zo gidan sani.

Ya jawo jakar daga bayansa ya ajiye gaban Inna.

"Ga kayanki, ɗiyata. Tun jiya da mai babur ya faɗi ɗiyar wa ce, na ce wagga magana ba ta kwana. Na sa an wanke ta tas. Ita da ɗan ƙaramin."

Ni ban gane ba da farko. Na ɗauka ƙura aka goge. Fuskar Inna na kalla na gane.

Haka suke yi, ashe. In an kama waya ana zargin ta, kuma ana son a rufa wa mai ita asiri, sai a kai ta wajen masu gyaran waya a kasuwa a share duk abin da ke ciki, a mayar da ita kamar sabuwa. Abin da babu shi ba ya zama shaida. A wajensu wannan ita ce babbar alfarma, ba kowa ake yi wa ba.

Na ce, "Ka duba abin da ke ciki kafin ka sa a share?"

"Na duba, Malam. Na kira masu boko biyu nan kasuwa sun duba. Ɗaya ya ce taswira ce, ɗaya ya ce bai sani ba. To ni in ce mi? In rantse ma yaran nan kan abin da ban iya karantawa? Hotonta na cikin wayoyinsu. Da wanga zane ya kwana biyu, da ya shiga kowane ƙauye, kuma ka san ba ni ad da kowane ƙauye ba. Yanzu na aika musu: na bincika, ba komi ciki, wanda ya taɓa ɗiyar Malam ni ya taɓa. Magana ta mutu." Ya yi murmushi ya juya wajen Inna. "Zane ne dai, ɗiyata. Hannunki na nan. Ki sake wani."

Jama'a, na yi shekaru ina kwafar littattafai da alƙalamin kara. Na san zafin gara ta ci maka aiki. Amma wanda gara ta ci wa kwafi yana komawa wajen mai asali ya ara. Wannan ba shi da asali a wani wuri. Abin da malaminta na jami'a yake da shi, na kafin damina ne. Awon da ta yi tana jin numfashin gwaggonta, da babin da ta rubuta, ba su a ko'ina sai cikin abin da aka wanke.

Na buɗe baki. Abin da ya taso mini ba na zaure ba ne, ba na dattijo ba ne. Mutumin nan yana zaune yana jiran godiya, da zuciya ɗaya, jama'arsa na kewaye suna kallo. Kuma abin da ya fi ƙona ni, ban iya cewa ƙarya yake ba. Mai yiwuwa ya ceci ranta. Mai yiwuwa da bai yi ba, da yanzu wani labarin nake rubuta muku. Al'ada ta ce in gode. Harshena ya ƙi.

Inna ce ta durƙusa. Ta ce, "Mun gode, Baba. Allah Ya saka da alheri. Wane shago anka kai ta?"

Muka bi layin masu waya, inda janareta ke kuka kowane shago da waƙarsa. Ta ce mini wani lokaci in an share, ana iya tono abin, muddin ba a zuba wani abu a kansa ba. Na riƙe wannan maganar kamar igiya. Mai shagon ya tarbe mu da murna, ya gane na'urar. Ya ce aiki ya yi mai kyau, ya sa mata sabon tsari gaba ɗaya. Kuma da yake saƙon babba ne, bai bar ta fayau ba: ya cika ta maƙil da wa'azi da karatu da finafinai, kyauta, filashin ma haka.

"Hajiya, ko shekara za ki yi kina kallo ba ki gamawa," in ji shi.

Inna ta zauna a kan bencinsa ta buɗe, ta yi ta dannawa. Na tsaya a kanta ina kare mata rana da babbar rigata, don abin da na iya ke nan. Da ta rufe, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, mu tafi kada hanya ta rufe."

Mun bi ayarin 'yan kasuwa muka dawo. A motar maƙwabcina ya ce in ya sake ganin mai layu ya gitta itace zai bi ta kansa. Da muka iso shinge na gaba shi ya fara yin sallama, har da cire hula. Mun shiga Kaura ana kiran la'asar. Mahaifiyarta ta fito da murna tana tambayar ko an tura aikin. Na wuce ta na shiga ɗaki.

Malaminta ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ranar miƙawa ba a hannunsa take ba. An ce sai baɗi. Abin da madubin sama ya turo yana nan a rumbunsa, kowa na iya saukewa, kuma ta fara. Awon ne za ta sake daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wasu tana tuna su, kuma karo na biyu ya fi sauri. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko don in yi barci take faɗa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na fita ina tsoron mutanen daji, ban ga ko ɗaya ba. Waɗanda suka yi mana ɓarna namu ne, masu tsare mu, kuma mafi ɓarnar cikinsu don ƙauna ya yi. Na nemi inda zan sauke fushina na rasa mai ɗauka shi kaɗai. Yaro mai tabo ya rufe ubansa. Tsohon maharbi ya yi abin da ya sani. Mai shago ya yi kyauta. Sai na bi sawun abin baya, na tarar da waɗanda suka mayar da ƙasarmu wurin da duk abin da ba a gane ba maƙiyi ne: masu kashewa a daji, da masu sayar musu da 'yan uwansu, da waɗanda aka damƙa wa amanarmu suka bar samari da bindigar gida su zama soja, su zama alƙali, su zama masu fassara hoton sama. Waɗannan ban yafe musu ba. Ina roƙon Allah Ya yi mana hisabi da su, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga mai ɗa ko ɗiya da ke karatun da ba a saba gani ba, shawarata ɗaya ce, kuma ina jin zafin ba da ita: kada ya bi hanyoyin nan da aikinsa a jaka.

Jiya wani direban Shinkafi ya yi sallama a ƙofar gidana. Babban ne ya aiko shi da ƙwan zabi a ƙwarya, ya ce a gaishe da ɗiyarsa, a kuma tambaya ko na'urar tana aiki lafiya. Na daɗe tsaye da ƙwaryar a hannu. Daga cikin gida ina jin Inna tana danna madannai.

Na ce ya gaya masa tana aiki.